Tarihin Tukunyar Zuru: Daga Rumbun Kakanni Zuwa Mudun Kasuwa

  

Shugabanni sun ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu kawo namu rubutu a wannan fitowa. Da muka zauna shawara sai muka ga babu tarihin da muka fi sani kamar na tukunya, tunda mu ne masu awon hatsi a kasuwa da rana, mu ne kuma masu hura wuta da yamma. Abin da ya faru kafin a haife mu mun ji shi a bakin tsofaffinmu, shekarun da muka ambata kuwa malamarmu ce ta taya mu tantance su. Akwai dalili na biyu. A babban taron bana za a yanke hukunci kan kuɗin da muka tara, ko a raba wa kowa nata, ko a ware wani kaso a sayi hatsi da kaka a ajiye. Muna so kowace 'yar ƙungiya ta san inda muka fito kafin ta ɗaga hannu.

Zamanin rumbu

A ƙasar Zuru dawa ce uwar abinci. Dakarkari, wato Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, kowa da harshensa, amma tuwon dawa ya haɗa su. Bayan ita sai gero da maiwa, wake, gyaɗa, gujiya da riɗi. Arzikin magidanci a wancan lokaci ana ganinsa ne a yawan rumbunansa. Ko aure ma da noma ake samunsa, domin a al'adar golmo saurayi da abokansa sukan yi shekara bakwai suna yi wa mahaifin yarinya aikin gona. Idan an gama girbi sai a yi bikin Uhola, a gode wa Allah, a ci a sha.

Miya kuwa ba a sayenta. Kuka tana bayan gida, kuɓewa da yakuwa da kabewa suna gefen gona, rama da lalo da karkashi da tafasa suna fitowa da ruwan farko. Mai daga kaɗanya da gyaɗa yake zuwa, ɗanɗano daga ɗorawa. Iyayenmu sun ce daddawa aikin kwanaki ce: a dafa kalwa wuni guda, a sussuka ta a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku har ta yi, sannan a daka a shanya. Tukunyar da ake girkin ma matan ƙasar nan ne suke gina ta da yumɓu, kuma an san su da wannan sana'a har wajen ƙasar Zuru. Abin da ake fita saye bai wuce gishiri da kanwa ba, sai nama ranar kasuwa ga mai hali.

Kada fa a ɗauka zamanin hutu ne. Mace takan tashi tun asuba ta durƙusa kan dutsen niƙa, ta yi daka, ta je rafi, ta je itace, duk kafin ta bi miji gona. Idan damina ta yi tsakiya, wajen watan Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, sai a koma kan ganye da ɗan tsaki a yi fate. Yara da yawa sun tafi a irin wannan lokaci, musamman idan ƙyanda ta haɗu da yunwa. Tsofaffinmu har yau suna maganar farin 1973 da 1974, lokacin da mutanen arewa da mu suka riƙa gangarowa da iyalansu da sauran dabbobin da suka rage musu suna neman abinci. Gidan da ya tsira a wannan shekara shi ne mai tsohuwar dawa a rumbu.

Da kuɗi suka shiga tukunya

Kowa ya san Zuru ƙasar sojoji ce tun zamanin Turawa. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, iyayenmu da yawa sun zauna da mazajensu a bariki a Kaduna, Legas, Enugu da sauran wurare. Da suka dawo gida sun zo da sabon hannu a girki: garin rogo, manja, miyar agushi, shinkafa da jar miya. A farkon 1973 aka daina fam da sule aka shigo da naira da kwabo. Sai ga kuɗin man fetur, sai ga ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975. Kuɗi suka yi yawa a hannu, kaya suka tashi a kasuwa, samari kuma suka fara barin gona suna tafiya birni.

A waɗannan shekaru ne burodi da shayi, tumatirin gwangwani da shinkafar waje suka samu gindin zama. Maggi ma, wanda wani mutumin Suwizalan mai suna Julius Maggi ya kafa kamfaninsa, ya bazu har ƙauye. Injin niƙa ya zo ya ɗauke wa mata dutse, kuma babu macen da ta yi kukan rabuwa da shi. Sai dai daga nan ne cefane ya zama abin yau da kullum. Gwamnati ta hango inda aka dosa, shi ya sa Janar Obasanjo ya fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shugaba Shagari ya biyo da nasa na bunƙasa noma a 1980. Duk da haka jiragen ruwa ba su daina sauke shinkafa da alkama a Legas ba.

Shekarun matsi

Da farashin mai ya faɗi a duniya, abin ya dawo kanmu. Mu da muke cikin shekaru arba'in yanzu muna yara a lokacin, amma yayyenmu suna ba da labarin layin da aka riƙa yi a 1984 don samun madara, sukari, sabulu da shinkafa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta zube, aka hana shigo da alkama a 1987, burodi ya ƙanƙance ya kuma yi tsada. Gidajen da suka saki tuwon dawa suka koma masa ba shiri.

Wahalar nan ta haifar da abu biyu masu amfani. Na farko waken suya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da malaman gona suka dage wajen koya wa mata sarrafa shi. Awara da kakanninmu ba su san ta ba, yau ita ce naman talaka, kuma ita ce jarin mata da yawa a cikinmu. Na biyu ƙungiyoyi. A 1987 Maryam Babangida ta fito da shirin Better Life na matan karkara, aka riƙa kiran mata su haɗa kai su yi rajista don su samu injin niƙa ko rance. Wasu ƙungiyoyin sun watse da gwamnatin ta wuce. Waɗanda suka ɗore su ne masu tara nasu kuɗin da kansu. Ana cikin haka aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka ƙaru, masu sayen abinci da mudu suka ƙaru.

Shi kansa tsarin ƙungiyar gama kai daga matsalar abinci ya samo asali. A 1844, a garin Rochdale na Ingila, mutum 28, yawancinsu masaƙa, suka gaji da masu kanti da ke tauye musu awo suna gauraya musu gari da abin da ba gari ba. Suka tara 'yan kuɗinsu suka buɗe shago, suna sayar wa junansu fulawa, sukari da man shanu da awo na gaskiya. A Nijeriya an kafa dokar irin waɗannan ƙungiyoyi a 1935. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don mun gaji gayya da adashi. Abin da rajista ta ƙara mana shi ne littafi, da doka, da ma'aji da za a iya tambayarta lissafi.

Zamanin girkin sauri

Taliyar Indomie ta shigo ƙasar nan a 1988, daga baya aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun. Taliyar leda, lemon kwalba da man girki na jarka suka biyo baya. Ai dole mace ta so su. Wadda ta wuni a rumfa ta dawo gab da magariba, yara na kuka, abin da zai nuna cikin minti biyar shi za ta ɗora. An kuma samu ci gaba na gaske: daga 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri, maƙoƙon da muka taso muna gani a wuyan mata ya ragu ƙwarai. Daga 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a man girki, fulawa da sukari.

Amma a wannan zamani ne hawan jini da ciwon suga suka zama zancen kowane gida. Ma'aikatan lafiya suna faɗa mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano kowane iri ne, kusan rabinsa gishiri ne. To ku lissafa tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida, aka bi da farin ɗanɗano, aka kuma ƙara gishiri. Hannun mai girki ne ke da iko a nan. Idan daddawa ta shiga miya da albasa da citta da ɗan busasshen kifi, dunƙule biyu sun isa, kuɗin huɗun kuma ya zauna a lalita.

Shekaru goman da suka girgiza mudu

A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance ta hannun Babban Banki. A ƙarshen 2016 aka fito da Lake Rice, haɗin gwiwar Kebbi da Legas. Sunan jiharmu ya fita, shinkafar gida ta samu daraja, ko da yake yawancin noman a fadamun Argungu, Suru da Yawuri aka yi shi. A 2016 ɗin ne kuma tsutsa ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari mutane, wata tsutsar ta faɗa wa masara. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 aka rufe iyakokin ƙasa. A 2020 ga kullen korona, ga ambaliyar da ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan.

Abin da ya fi taɓa tukunyar Zuru shi ne rashin tsaro. A Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 80 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka rasu. Babu wadda ba ta da ɗan'uwa ko suruki ko abokin ciniki a cikin waɗanda abin ya shafa. Manoma suka bar gonakin nesa, aka ƙona rumbuna, aka kore shanun huɗa. Mutanen da a da suke kawo mana hatsi daga ƙauye suka dawo cikin gari suna saye da mudu. Gidan mutum takwas ya koma na ashirin. Mu masu zuwa sari Bena, Ribah, Maga, Dirin Daji da Mahuta, sai mun yi addu'a mun yi sallama da yara kafin mu hau mota.

A ƙarshen 2022 aka canja takardun naira, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace. Ga kaya ga mai saye, babu abin biya. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A Agusta aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin can. Zuwa tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali a birane da yawa buhun shinkafa ya wuce haka.

A nan muna so mu faɗi wata magana a madadin 'yan kasuwa, don mun sha zagi. Kafin buhu ya iso rumfa an biya kuɗin mota, an biya masu lodi da masu saukewa, an biya kuɗin kasuwa, direba ya ajiye wani abu a kowane shinge, sannan a cikin buhun akwai tsakuwa da ƙaiƙayi da za a fitar. Ribar mai awo ba ta wuce 'yan mudu ba a buhu. Masu cika manyan ɗakunan ajiya da tirela suna jiran yunwa daban suke da mu, kuma su ma sun ga ta kansu a 2025, da farashin masara da sauran hatsi ya faɗo, wanda ya saya da tsada ya sayar da asara.

Abin da tarihin ya nuna

Idan kun bi labarin nan za ku ga a 1974, da 1986, da 2023, gidan da ya fi jurewa shi ne mai ajiya da mai ganye a bayan ɗaki. Kowace shekara hatsi ya fi araha da kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fi tsada da tsakiyar damina. Mace ɗaya ba ta da kuɗin buhu biyar a lokaci guda, amma mata hamsin suna da shi.

Ajiya kuma yanzu ba sai da guba ba. Buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. Idan wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu. Jarka mai murfi ma tana yin wannan aiki. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da Bature ya ƙi ci, don me za mu ba 'ya'yanmu?

A girki, ma'aikatan lafiya sun tabbatar da abin da kakanninmu suke yi: hatsi idan ya haɗu da wake ko gyaɗa ya fi gina jiki. Shi ya sa ɗanwake, dambu da zogale da ƙuli, fate da wake da kunun gyaɗa ba abin rainawa ba ne. Jariri nono zalla har wata shida, daga nan kunun da aka yi da garin gero ko dawa, waken suya da gyaɗa, duk a soya sama-sama a niƙa tare. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri, itace ya ragu. A rage kanwa a miyar ganye, don yawanta yana kashe amfanin ganyen. Lokacin da tumatir, tattasai da kuɓewa suka yi araha a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, a sama, ba a bakin titi ba. Gero da dawa da wasu ke kira abincin ƙauye, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa, saboda suna jure fari kuma suna riƙe ciki.

Sai maganar itatuwa, wadda ta fi damunmu. Motocin gawayi suna fita daga ƙasar nan dare da rana, kuma kaɗanya tana cikin waɗanda aka fi sarewa don gawayinta na da kyau. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya sare ta ya ci kuɗin mako ɗaya, ya hana mata man shekara da shekaru. Haka ɗorawa. Yau kalwa tana tsada, kuma a cikin 'yan matanmu kaɗan ne suka iya daddawa daga farko har ƙarshe. Idan tsofaffin da suka iya suka tafi ba mu koya ba, sana'a ce sukutum za ta bi su.

Shawararmu ga babban taro

Mun san akwai masu jiran rabon bana don kuɗin makaranta, ko jinya, ko auren 'ya, kuma buƙatarsu gaskiya ce. Shi ya sa ba mu ce a riƙe duka ba. Muna roƙon a ware kashi ɗaya cikin uku a sayi dawa, gero da wake da kaka, a zuba a buhunan da ba sa buƙatar magani. Idan damina ta yi tsakiya a sayar wa 'yan ƙungiya da farashin da aka saya, a ɗora kuɗin buhu da na ɗaki kawai. Hatsin ci ne, ba na jiran riba ba, don haka ko farashi ya faɗi kamar na 2025, abincin yana nan za a ci. Makulli ya zama biyu a hannun mutum biyu, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Mu 'yan aji mun ɗauki nauyin rubuta farashin mudu kowane mako a littafi ɗaya, don baɗi a yi magana da lamba a hannu.

Muna kuma roƙon a sa rana ɗaya a wata da iyayenmu za su koya wa 'yan mata daddawa, man kaɗe da ƙuli. Kowace 'yar ƙungiya ta dasa zogale a gida, masu gona su bar ɗorawa da kaɗanya su tsaya. Shugabanni su rubuta wa Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a nan Zuru a 2020, a nemi malamansu su zo su nuna mana hanyoyin ajiya da renon ɗorawa. Waɗanda ba su shiga aji ba kuma, ƙofa a buɗe take. Babu wadda ta tsufa da karanta ranar lalacewar kaya a jikin gwangwani, ko duba abin da ma'aji ta rubuta da sunanta.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zuru, Ya mayar da manoma gonakinsu, Ya ba mu damina mai albarka.